ƘOSAN MASARA: ABIN MARMARI DAGA RUMBUNMU

Da wuya a sami ofishin gwamnati ko makaranta a ƙasar nan inda ba a aika masinja ko wani yaro ya sayo abin taɓawa da hantsi. Abin da akan dawo da shi kuwa, in aka ɗebe ƙosan wake da gyaɗa, galibi burodi ne ko biskit ko cincin ko fanke, kuma dukansu da fulawar alkama ake yin su. Ita wannan alkama ba a gonakinmu ake noma yawancinta ba. Nijeriya tana shigo da fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da take ci daga ƙasashen waje, watau miliyoyin tan a kowace shekara, kuma da kuɗin ƙasashen waje ake biya. Saboda haka duk lokacin da darajar Naira ta faɗi, kamar yadda ya faru daga watan Yuni na 2023, ko kuwa wata fitina ta tashi a ƙasashen da ke noman alkama, kamar yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022, sai ƙaramin ma'aikaci ya ji abin a aljihunsa tun kafin wata ya raba.

Alhali kuwa a kusan kowane gida akwai garin masara, amma ba a san shi da wani aiki ba sai tuwon dare da ɗumamen safe. Da wannan garin ana iya yin ƙosai mai yaji da ƙamshi, wanda zai riƙe cikin mutum daga hantsi har ya tashi daga aiki. Sunan ba baƙo ba ne, gama Bahaushe ya riga ya saba da ƙosan rogo da na doya. Abin da ya hana na masara yaɗuwa shi ne yawancin waɗanda suka gwada shi sun bi da shi kamar yadda ake bi da wake ko fulawa, sai ya watse musu a cikin mai, suka yi fushi da shi. Masara tana da halinta na dabam, kuma wanda ya fahimci wannan hali ba zai yi asarar mai da gari ba.

Yadda Masara Ta Zama 'Yar Gida

Asalin masara daga ƙasar Meksiko ne, inda aka fara nomanta shekaru kimanin 9,000 da suka wuce. Ba ta ƙetare teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Turawan Fotugal ne suka kai ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, amma sunan da Hausawa suka ba ta yana nuni da ƙasar Masar, abin da ya sa masana ke ganin ta hanyar arewa ta iso mana.

Duk da daɗewarta, har zuwa farkon shekarun 1970 masara a ƙasar Hausa amfanin bayan gida ce. Akan shuka ta inda ake zubar da toka da takin dabbobi, a ci ta ɗanya, gasassa ko dafaffa, kafin gero ya nuna. Dawa da gero su ne abincin rumbu. Al'amarin ya sake ne daga 1975, lokacin da aka buɗe ayyukan bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da taimakon Bankin Duniya. An kawo takin zamani mai rahusa, an gyara hanyoyin karkara, aka kuma raba wa manoma irin farar masara mai suna TZB wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan ta samar. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ita ma ta ci gaba da fitar da ire-irenta masu laƙabin SAMMAZ. Cikin shekaru kaɗan sai masara ta cika gonakin Funtuwa da Giwa da Saminaka, ta zama abin sayarwa da na tuwo. A 'yan shekarun nan ƙasar nan tana noma fiye da tan miliyan 10 a shekara.

Gwamnati ta taɓa gwada raba jama'a da alkamar waje da ƙarfin doka. An hana shigo da ita a 1987, aka ƙarfafa nomanta a wuraren noman rani irin su Kadawa a Jihar Kano, amma abin da aka noma bai kai ko kusa da bukata ba, sai aka janye dokar a 1992. Darasin da ke ciki shi ne, mutane ba su barin abin da bakinsu ya saba da shi sai sun sami wani wanda ya yi musu daɗi, mai sauƙin kuɗi kuma. A nan ne masu girki suke da aikin da doka ta kasa yi.

Dalilin Da Ya Sa Yake Watsewa

Fulawar alkama tana da wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutan. Shi ne ke sa kwaɓin fanke ya yi yauƙi, ya riƙe iska, ya kumbura. Wake kuma idan aka markaɗa shi aka buga sosai, yana kama iska ya yi kumfa, shi ya sa ƙosansa ke tasowa a kan mai. Masara ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan aka kwaɓa garinta da ruwan sanyi, ƙwayoyin garin ba su kama juna, kamar dai jiƙaƙƙen yashi, da ya shiga mai sai kowace ta kama gabanta.

Maganin wannan yana cikin abin da kowace mai tuƙa tuwo ta sani. Sitacin da ke cikin garin masara, idan ya sami ruwa da zafin da ya kai kimanin digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, sai ya kumbura ya zama mai danƙo. Abin da ke faruwa ke nan idan aka yi talge. To, idan aka dafa rabin garin ya zama ruɗe mai kauri, sa'an nan aka haɗa shi da sauran ɗanyen garin, dafaffen zai ɗaure ɗanyen, ya kuma ba cikin ƙosan laushi, shi kuwa ɗanyen ya ba bayansa ƙaras-ƙaras.

Ba mu kaɗai muka gano wannan dabara ba. A ƙasar Gana ana yin awiyesu ta wannan hanya, sai dai su da sukari da gyaɗa suke yin nasu. A tsibirin Fuwato Riko ana dafa garin masara a mulmula shi kamar yatsa a soya, suna kiransa sorullitos. A kudancin Amurka kuma akwai wanda suke ci da soyayyen kifi, amma su da fulawa kaɗan da ƙwai da madara suke ɗaure nasu. A nan gida Yarabawa suna da kokoro, wanda ake murzawa siriri a soya ya bushe ƙamas.

Kayan Haɗi Da Yadda Ake Yi

Aikin yana farawa ne daga masarar kanta. Ana tsince ta, a surfa, a sheƙe dusar, a wanke, a shanya ta sha iska, sa'an nan a kai inji. Bayan an niƙo sai a tankaɗe da rariya mai laushi, a ajiye tsakin don fate ko dambu. Garin da ba a surfa ba ya fi amfani a jiki, amma yana da mai a cikinsa, don haka ba ya jimawa sai ya canja ƙamshi. Wanda zai yi amfani da shi sai ya niƙa daidai na mako guda.

Ga iyali mai mutum 5 ko 6, ana bukatar garin masara gwangwanin madara 4, ruwa gwangwani 3, albasa babba 1, attarugu 2 ko 3, ɗanyar citta kamar rabin yatsa, tafarnuwa ƙwaya 2, masoro kaɗan, gishiri da ɗanɗano daidai bukata, ƙwai 1 in da hali, da man gyaɗa wanda zai kai zurfin yatsa guda a cikin kasko. Mai son ganye yana iya yanka lawashi ko alayyahu ƙanana ya zuba.

Da fari ana ɗora ruwa gwangwani 2 a wuta da gishiri. Kafin ya tafasa sai a dama gari gwangwani 2 da sauran ruwan gwangwani 1, a zuba a cikin tafasasshen ana juyawa da muciya, don kada ya yi gudaji. A rage wuta a ci gaba da tuƙawa na minti 4 ko 5, har ya yi kauri ya fara barin jikin tukunya. Sai a sauke, a juye a kwano mai faɗi, a bar shi ya huce har hannu ya iya shiga. Wannan jira yana da muhimmanci, gama idan aka fasa ƙwai a kan ruɗe mai zafi, dahuwa zai yi tun bai yi aikin ɗaurewa ba.

Ana nan sai a jajjaga attarugu da citta da tafarnuwa, a daka masoro, a yanka albasa ƙanana ƙwarai. Manyan yankan albasa suna hana kwaɓin haɗuwa, kuma su ne ke fara ƙonewa a mai. A zuba kayan nan duka a kan ruɗen tare da ƙwan, sa'an nan a riƙa barbaɗa sauran garin kaɗan kaɗan ana cuɗawa da hannu. Ba dole ne garin ya shige duka ba, domin wata albasar ta fi wata ruwa, wani garin kuma ya fi wani sha. Alamar da ake nema ita ce a ɗebo kwaɓin a dunƙula, ya tsaya bai tsage ba, bai kuma manne a tafin hannu ba. In ya tsage a yayyafa ruwa, in ya manne a ƙara gari. Daga nan a rufe shi ya huta kamar minti 15, don ɗanyen garin ya jiƙa.

Wajen mulmulawa ana shafa mai kaɗan a hannu, a ɗebi kamar girman ƙwan zabo, a mulmula, a ɗan danna shi ya yi faɗi, kaurinsa kada ya wuce na yatsa. A tabbata babu tsaga a jikinsa, gama ta nan mai ke shiga, kuma iskar da ta maƙale a ciki tana iya sa shi ya fashe ya fantsama wa mai suya mai. Wannan awo yana ba da guda 25 zuwa 30.

Sha'anin Wuta Da Mai

Yawancin ɓarnar da ake yi a wajen suya ake yin ta. Zafin da ake so shi ne digiri 170 zuwa 180, amma ba sai da ma'auni ba. A gutsuri kwaɓin kaɗan a jefa: in ya nutse ya kwanta shiru, man bai yi ba; in ya yi baƙi nan take, ko man yana hayaƙi, zafin ya wuce; in kuwa ya taso cikin 'yan daƙiƙoƙi da ƙananan kumfa kewaye da shi, to an dace.

Dalili shi ne, idan ƙosai ya shiga mai mai zafi, ruwan da ke jikinsa yana zama tururi yana fitowa, kuma wannan tururin ne ke tare man ya hana shi shiga ciki. Idan man ya yi sanyi, tururin ba shi da ƙarfi, sai ƙosan ya sha mai ya yi nauyi, ya gundure mai ci tun bai ci uku ba. Haka kuma idan aka cika kasko, sanyin kwaɓin yana kashe zafin man. Gara a riƙa sa 6 ko 7, a bar su minti 2 ba a taɓa ba har bayansu ya kama, sa'an nan a juya. Cikin minti 4 zuwa 5 za su yi ja. A kwashe da matsami a zuba a kwando ko gwagwa, kada a rufe su da zafi, domin gumi yana sa su yi laɓo-laɓo.

Ana ci da yajin ƙuli-ƙuli, ko da miyar jajjage, ko kuwa da kunu ko shayi da safe. Ma'aikaci yana iya zuba nasa a ɗan kwano mai murfi bayan ya huce ya tafi da shi ofis. Ba a so ya kwana fiye da ɗaya in babu firiji, kuma in ya kwana sai a ɗumama shi a busasshen kasko.

Akwai hanya ta biyu ga masu son ɗan tsami irin na waina ko 'yar tsala. Ana jiƙa surfaffiyar masara kwana 1 ko 2, a markaɗa da kauri, a haɗa da ɗan ruɗe, a sa yis kaɗan ko a bar ƙullun ya kwana ya tashi da kansa. Da safe a zuba ruwan kanwa kaɗan don ya kashe tsamin, a sa garin busasshiyar kuɓewa ko karkashi don yauƙi, a zuba albasa da attarugu, a riƙa ɗiba da cokali ana sakawa a mai. Da damina kuma ana iya ɓare ɗanyar masara a markaɗa ta da kayan yaji, a ɗaure da ƙwai da gari kaɗan. Wannan ya fi sauran zaƙi.

Abin Da Ya Shafi Lafiya

Masara abinci ce mai ba da ƙarfi, amma furotin ɗin da ke cikinta, wanda bai wuce kimanin kashi 9 cikin 100 ba, yana da ƙarancin wasu sinadarai biyu da jiki ke bukata, watau laisin da tiriftofan. Wake yana da laisin da yawa. Saboda haka idan aka maye gwangwani 1 daga cikin 2 na ɗanyen garin da garin wake ko na waken soya da aka soya sama-sama, ƙosan zai fi gina jiki, musamman ga yara 'yan makaranta, kuma zai fi haɗuwa. Masu bincike sun kuma samar da irin masara mai ingantaccen furotin, kamar Obatanpa da aka fitar a Gana a 1992, wadda aka san ta a nan da sunan SAMMAZ 14, da kuma masara mai ruwan lemo wadda ke ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A.

Babban haɗari kuwa yana cikin masarar da ta yi fumfuna. Idan aka adana masara ba ta gama bushewa ba, ko aka shanya ta a ƙasa mai damshi, wani irin fumfuna yana kama ta ya bar guba mai suna afulatoksin. Gubar nan ba ta da ɗanɗanon da za a gane ta da shi, kuma dahuwa ko suya ba su kashe ta. Tana lalata hanta, tana jawo ciwon dajin hanta, tana kuma da hannu wajen tsumburewar yara. A 2004 mutum 125 suka rasu a gabashin ƙasar Kenya bayan sun ci irin wannan masara. Don haka tsintar masara kafin a kai ta inji ba aikin ganin dama ba ne. A fitar da duk ƙwayar da ta canja launi, ko ta ruɓe, ko ƙwaro ya huda, a kuma zubar da wadda ta taso kan ruwa wajen wanki. Surfe shi ma yana rage gubar. Garin kasuwa da ke warin damshi ko ya dunƙule, arharsa ba riba ba ce.

Sai kuma batun mai. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa, ya riga ya lalace, kuma yana ɓata ɗanɗano da lafiya. A riƙa tace shi bayan kowace suya, a ajiye shi a rufe, a rabu da shi in ya sake kama. Haka nan bai kamata a naɗe soyayyen abu a takardar jarida ba, ko da wannan ce da ke hannun mai karatu, domin mai yana narkar da tawada ya kai ta cikin abinci. Kuma ko yaya ƙosai ya yi daɗi, soyayyen abu ne. Ma'aikacin da ke wuni a kan kujera, ko mai hawan jini ko ciwon sukari, sai ya ci daidai, ya kuma rage gishiri.

Ga Ɗalibai Da Iyalan Ma'aikata

Tun tsakiyar shekarun 1980 da aka daina ciyar da ɗaliban jami'o'i a farashi mai rangwame, ɗalibi shi ke ɗawainiyar cikinsa, kuma sau da yawa guzurin da ake haɗa masa daga gida bai wuce gari da wake da mai da yaji ba. Da waɗannan da albasa guda yana iya yin ƙosan masara a kan risho cikin abin da bai kai sa'a ɗaya ba, ba tare da ya nemi injin markaɗe ba. Sauran tuwon jiya ma, in bai yi tsami ba, yana iya tsayawa a madadin ruɗe: a murje shi, a ƙara gari da kayan yaji, a soya.

Ga matan ma'aikata masu neman abin da za su taimaki gida da shi, wannan sana'a ce mai ƙaramin jari, gama mudu guda na masara yana ba da ƙosai mai yawa, kuma ana iya haɗa kwaɓin tun da asuba. Abin da za a kula da shi shi ne lissafin mai da itace ko gawayi, domin su ne ke cinye riba, da kuma rufe kaya daga ƙura da ƙuda.

Lokacin da ya fi dacewa a yi tanadi shi ne kaka, daga watan Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da sabuwar masara ta cika kasuwa kuma farashinta ya sauka. A saya, a ƙara shanya ta a kan tabarma ko leda har ƙwayar ta yi ƙaras in an ciza, sa'an nan a zuba a buhu a ɗora a kan katako nesa da bango. Yana da kyau kuma malaman koyar da tattalin gida a makarantun sakandare, da sassan mata na hukumomin bunƙasa noma na jihohi, su sa irin wannan girki a cikin abin da suke koyarwa, tare da yadda ake tsintar masara da adana ta, domin amfanin da manomanmu suka sha wahalar nomawa ya shiga kwanon karin kumallo kamar yadda ya shiga na tuwon dare.